Carbin Mma Rosa

Ku matso, ku kife wayoyin nan a cinya. Ba tatsuniya zan yi muku ba, abin da hannuna ya taɓa ne. Jiya na ji ɗayanku yana cewa ai Kaka zama kawai take yi tana zura zare a rami, ko makaho ya iya. Gaskiya ne makaho ya iya, na ma san wani a Salaga da ya fi ni sauri. Amma shi ma sai da ya yi shekaru kafin a miƙa masa carbin mutum a ce ya gyara. Shirin duwatsu lissafi ne, da riƙon amana, da sanin kayan wa ke hannunka. An yi wata rana mata biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, suka rantse ba za su tsaya tare a bakin kabarin uwarsu ba, maganar kuma ta yi yawo ta yi yawo ta zo ta sauka a kan faifaina. Can zan kai ku. Amma sai kun fara sanin faifan.

Aikin farko da Gwaggo Lariba ta ba ni, ƙanwar ubana ke nan, ita ta riƙe ni a Salaga, ba allura a cikinsa. Ta zuba duwatsu iri biyar a ƙwarya ɗaya, murjani da tsakiya da na kwalba da na ƙwarar goriba da wasu ƙanana kamar gero, ta ce in raba. Na raba tun hantsi har azahar. Ta duba, ta ce madalla, ta juye su wuri ɗaya, ta ce in sake, wannan karon ido a rufe. Haka muka yi har damina ta zo ta wuce. Sai da yatsana ya san dutse daga kwalba ba tare da ya tambayi ido ba, sannan ta ba ni zare.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Faifai, don ƙwaya ba ta gudu a kansa kamar yadda take gudu a tire. Allura siririya, da basilla ta buɗe ramin da ya toshe. Kakin zuma, a ja zare a cikinsa sau uku ya miƙe ya daina gashi. Zaren kuwa na masu kamun kifi ne, daga Makango ake kawo mana, don abin da ya zauna cikin ruwa ya riƙe kifi ba zufar wuya ce za ta ci shi da wuri ba. Sai garwashi a kasko, a ɗan taɓa bakin zaren ya dunƙule. Murjani sai an yi ƙulli bayan kowace ƙwaya, in ya tsinke ɗaya ce za ta faɗi. Jigida ba a ƙulle ta sai mai ita ta gwada bayan ta ci abinci. Carbi kuwa, sai an wanke hannu, ba a ajiye shi a ƙasa, ba a tsallake shi. Talatin da uku sau uku, da 'yan ƙwayoyin da ke raba su, da dogon nan na kai da muke ce wa liman, sai tuntu. Kuma dole a bar sarari kamar faɗin yatsa biyu, don ƙwaya ta samu wurin tafiya. Gwaggo tana ce wa wannan sararin numfashi. Carbin da aka matse, mai shi zai yi ta kokawa da shi maimakon ya ambaci Allah.

Aure ya kai ni Yendi, a can na yi kuskuren da ya buɗe mini wata ƙofa. Wani dattijo Badagarti, mai gadin asibiti, Baba Pita ake ce masa, ya zo da ƙulli a hankici. Ya kwance, ga baƙaƙen ƙwayoyi, ga ɗan gicciye, ga wani ɗan ƙarfe mai hoton mace da mayafi. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa kai ne.

Ya ce, "Amariya, an ce kai ne mai gyara tasbaha. Nawa ya mutu."

Na ce ya dawo jibi. Ni kuwa ban taɓa riƙe carbin Katolika ba, mu nan Roman muke ce musu. Na ƙirga, na ga hamsin da tara. Na ce a raina, bawan Allah ya zubar da arba'in a hanya bai sani ba. To abin da ya samu shi za a yi da shi. Na jera talatin da uku, na sa ɗan ƙarfen nan ya raba, na jera sauran, na ɗaura gicciye a wurin liman. Don in kyauta masa har tuntu na yi masa, kore.

Da ya zo ya ɗaga shi sama, ya juya, ya sake juyawa. Sai ya fara dariya, har ya zauna a kan turmi.

Ya ce, "Amariya! Ka musuluntar da shi! Shekara talatin yana Roman, kwana biyu a hannunka ya yi sallah!"

Bai yi fushi ba, Allah ya ba shi ladan haƙurinsa. Ya sa na tsinke, ya zauna ya koya mini. Goma ƙanana, sai babba ɗaya. Haka har goma-goma sau biyar, manya huɗu a tsakaninsu. Bakin biyu su haɗu a wurin ɗan ƙarfen nan, wadda ke jiki ita ce Maryamu uwar Yesu, Nana Maryama dai da muka sani. Daga nan wutsiya ta sauka, babba ɗaya, ƙanana uku, babba ɗaya, sai gicciye. Hamsin da tara cif, babu abin da ya ɓata. Na tambaye shi ko duk Kirista haka suke ja. Ya girgiza kai ya ce a'a, su mutanen Fada ne ke ja, mutanen Fasto ko kyauta ka ba su ba za su taɓa ba. Ranar na fara sanin cewa gidan nasu ma ɗaki biyu ne. Daga shi labari ya bazu, 'yan Roman na Yendi har na Chereponi suka riƙa aiko mini da tsinkakku a cikin ambulan.

Kwanci tashi, cinikin shanu ya ɗauke maigidana zuwa Bawku, muka tare a can. A kasuwa aka ba ni wuri kusa da wata tsohuwa Bakusasa mai sayar da daddawa da man kaɗe, Mma Rosa. 'Yar Roman ce ta gaske. In ciniki ya yi sanyi sai in ga hannunta ya shige ƙarƙashin zane, leɓenta yana motsi, ni ma nawa hannun yana ƙarƙashin mayafi. Ba ta taɓa tambayata me nake cewa ba, ban taɓa tambayarta ba. Carbinta na 'ya'yan itace ne, ruwan toka, sun sha hannu har suna ƙyalli kamar an shafa musu mai. Ni na shirya mata shi shekarar da muka zo.

'Ya'yanta mata biyu. Babbar Filomina, mai ɗinki, ta tsaya a cocin Fada. Ƙaramar Komfot ta auri wani tica, ta bi shi cocin Fasto, ta kuma riƙe abin da hannu biyu fiye da shi kansa tican. Dukansu masu sayen kayana ne. Filomina tana kawo mini gyaran carbin 'yan cocinsu, Komfot tana sa ni in yi wa matan ƙungiyarsu sarƙar wuya fari da shuɗi, ta dace da ankonsu. Amma ba sa zuwa lokaci ɗaya. In suka haɗu a rumfar uwar, gaisuwa ba ta ƙarewa sai an shiga maganar Maryamu. Sau ɗaya a shekara Fada da Fasto sukan tara mutanensu a fili ɗaya su yi addu'ar Allah ya haɗa kansu. Mma Rosa takan ɗaura ɗankwalinta mafi kyau ranar. Da ta dawo na tambaye ta yaya taro, takan ce, "Mun roƙa paa, sosai da sosai, Mma Adiza. An ce amin da ƙarfi. Kowa ya ɗauki bencinsa ya koma gida."

Mummunar shekarata abu uku ne suka haɗu. Na farko, 'yan kasuwa suka fara shigo da carbi da sarƙa na roba ta garin Sankasi, a buhu, shiryayyu, wasu ma suna haske cikin duhu. Na biyu, aka kawo wa su Komfot sabon fasto mai zafi, ya ce mace mai bi ba za ta sayi abin wuya daga faifan da gumaka ke kwance a kai ba. Na uku kuwa ni na jawo. Faifai ɗaya nake da shi, nakan jera komai a kai. Wata rana shugabar matan Roman ta zo ta tarar da gicciye ya hau kan jigidar wata amarya, ja da rawaya. Ta dafe ƙirji ta ce, "Abin da Fada ya sa wa albarka kika haɗa da kayan ƙugu?" Ta kwashe nasu ta tafi. A zongo ma, unguwarmu ta Musulmi, wasu suka fara cewa me ya kai matar Alhaji taɓa gicciye. Wata biyar ina zaune ina korar ƙuda, har na koma dama koko da safe.

Mma Rosa ce ta fitar da ni. Ta ce, "Ke, faifai tsada yake? Sayi uku." Na sayi uku. Ɗaya na carbinmu, da farin ƙyalle. Ɗaya na Roman, da shuɗi, a rufe, sai mai shi ya zo a buɗe. Ɗaya na ado, a gaba, kowa ya gani. Na roba kuma suka fara tsinkewa a hannun mutane, don injin da ya shirya su bai san numfashi ba. A hankali ƙafafu suka dawo. Mutanen ba su canza ra'ayi ba ko kaɗan, kowa dai ya ga an ba abinsa wurinsa.

To, ana nan ana nan, tsufa ya kama Mma Rosa. Sau uku ina ce mata ta kawo carbin nan in canza zare, ya kai shekara tara. Takan ce, "Gobe. In na ba ki yau, da me zan kwana?" Goben ba ta zo ba. Aka kwantar da ita asibiti, kwana shida ta cika. Aka sa ta a firij kamar yadda suke yi, kafin dangi su taru. Mako uku ana shiri, sai labari ya iso kasuwa cewa jana'iza ta tsaya. Tsohuwa ta bar wasiyya a binne ta da carbinta a hannu. Filomina ta ce ko sama za ta faɗo sai an yi. Ta kuma ce Komfot ce ta tsinke shi da gangan a asibiti, don haka kada ta kuskura ta zo. Komfot ta ce dama ba za ta tsaya inda ake binne uwarta da kayan gumaka ba, ita da mutanen Fasto za su yi nasu taron a gidanta. Kawunansu sun yi zarya har sun gaji. Gawa ɗaya, makoki biyu.

Ranar wata Litinin Filomina ta zo, ido ya kumbura. Ta kwance bakin zane a kan faifan shuɗi. Ga gicciye, ga hoton Maryamu, ga guntun tsohon zare, ga ƙwayoyi. Na wanke hannu na ƙirga. Arba'in da ɗaya.

Na ce, "Saura goma sha takwas."

Ta ce, "Na shiga har ƙarƙashin gado, Mma Adiza. Iyakar abin da na samu ke nan. Ki cika da sababbi."

Na ce, "Sabo ba zai zauna da waɗannan ba. Dubi, yatsanta ya cinye su har sun zama kamar ƙwai. In na sa sabo, ko daga bakin ƙofa za a gane. Ki bar su nan, ki dawo Alhamis bayan azahar. In ba a samu ba, sai mu yi yadda kika ce."

Washegari, kasuwa ba ta ci ba, sai ga Komfot har gida. Ta yi sallama ƙasa-ƙasa, ta zauna, ta yi ta zancen tsadar masara. Can ta buɗe jaka, ta fito da Littafinsu mai tsarki, daga bayansa ta jawo hankici a ƙulle.

Ta ce, "Mma, ina so ki yi mini abin hannu da waɗannan. Na ado kawai. Ba na addu'a ba koraa, ko kaɗan."

Ban ma buƙaci ƙirgawa ba, amma na ƙirga. Goma sha takwas.

Ta ce, "Da aka fita da gawar uwarmu na ga suna birgima, masu shara za su kwashe. Hannunta ne ya taɓa su, shi ke nan. Kada Sista Filomina ta ji. Kada Tica ma ya ji."

A sana'armu ba a ɗaukar maganar mai kaya a kai wa wani mai kaya. Mun san wadda ta sayar da murjanin uwarta ta sa na kwalba, mun san wadda ƙugunta ya ƙaru kafin mijinta ya sani. Bakin mai shiri a ɗinke yake. Amma kuma ba a yanka kayan mutum biyu a ɗinka wa mutum ɗaya.

Na ce, "Komfot, ba zan faɗa ba. Ba kuma zan shirya ba, don ba naki ne ke kaɗai ba. 'Yan'uwansu arba'in da ɗaya suna nan ƙarƙashin shuɗin ƙyallen can. Yayarki za ta zo Alhamis bayan azahar. Na gaya miki don kada ki ce na yi miki tarko. In kin zo, kin zo da saninki. In ba ki zo ba, hankicinki naki ne."

Ta ƙulle abinta ta tafi, ko sai an jima ba ta ce ba.

Alhamis na idar da azahar, na shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, na ja zare a kaki. Filomina ta zo ta zauna. Muka jira. Na gasa bakin zare, na sake gasawa, na goge allurar da ba ta da datti. Har na miƙa hannu zan ɗauko gwangwanin sababbin ƙwayoyi, sai muka ji sallama.

Filomina ta miƙe tsaye. "Me ya kawo wannan?"

Komfot ta ce, "Gidan Mma Adiza coci ne da za ki tare ni a ƙofa? Kun saba. Ranar auren ɗanki an kira cin jibin Ubangiji a cocinku, na tashi, katakis, mataimakin Fada, ya tare ni da hannu kamar akuya ta shigo gona. Ni da na dafa shinkafar bikin!"

"Ke kika bar gida. Wa ya kore ki? Ku da kowace shekara sai cocinku ya haihu, wanda ya yi fushi ya sayi lasifika ya kafa nasa."

"Gara mu, da Yesu muke magana kai tsaye. Shi kurma ne, da sai an bi ta wajen uwarsa?"

"Lokacin da kike so Tica ya saya miki firij, wa kika aika? Ba uwarsa ba?"

"Uwar Tica tana da rai, tana cin tuwo! Ku mutum-mutumin siminti kuke durƙusa wa, kuna kunna masa kyandir."

"Hoton Baba da ke ɗakinki fa, da furen roba, kina goge shi duk Asabar? Bauta masa kike yi?"

"Na taɓa roƙonsa ruwan sama?"

Daga nan suka juya harshen Kusasi, abin ya fi ƙarfin kunnena. Maƙwabta suka fara leƙe ta katanga. Na bar su, don tukunyar da ke tafasa ba a danne murfinta da hannu. Sai da Filomina ta dawo Hausa ta ce, "Tana numfashin ƙarshe kika kawo fastonku yana ihu a kanta, kika fizge abin da ke hannunta. Kin tsinke shi da gangan."

Komfot ta ce, "Na ja. Fasto zai kama hannunta ya yi addu'a, na ce bari in zare shi in ajiye a gefe. Ban fizga ba. Allah ya gani ban fizga ba."

Nan ne maganar ta shigo gonata. Na ce su zauna. Na ɗauko guntun tsohon zaren, na kai shi haske, na kira su su duba.

Na ce, "Wannan ni na ja shi a kaki da hannuna, don haka ku saurara. Zaren da aka fizga, bakinsa yakan miƙe, ya yi tsini, silin duka su yanke wuri ɗaya. Ku dubi wannan. Sili uku ne. Biyu sun mutu tun tuni, ga bakinsu ya yi baƙi ya yi gashi, nan daidai gindin hoton, inda babban yatsanta ke zama. Ɗaya ne kaɗai ya rage, shi ne mai farin baki. An ja shi, gaskiya ne. Amma ko kaza ce ta taka zai rabu. Sau uku ina ce mata ta kawo. In akwai mai laifi, ni ce da na bar tsohuwa ta fi ni taurin kai."

Filomina ta karɓa ta duba da kyau. Mai ɗinki ce, ta san zare. Ta ajiye.

Komfot ta buɗe jaka, ta kwance hankici, ta juye a kan faifai. Goma sha takwas suka gangara suka shige cikin 'yan'uwansu, ba mai iya cewa wannan daga ina take. Filomina ta dube su, ta dubi ƙanwarta.

Na ce, "To. Idona ba kamar da ba, aikin nan kuma ba na mutum ɗaya ba ne yau. Filomina, ke za ki riƙa miƙo mini. Komfot, riƙe bakin zaren nan kada ya zame."

Ta ja hannu baya. Na ce, "Ba gicciye na ba ki ba. Zaren kamun kifi ne, babu wanda ya sa masa albarka tukuna." Ta karɓa, ta naɗe a yatsa.

Muka fara. Goma, babba. Goma, babba. Filomina tana miƙowa tana share ido da gefen ɗankwali. A layi na uku ta miƙo mini babba, na karɓa zan zura, sai Komfot ta ce, "Tara ne."

Muka dube ta.

Ta ce, "Tara kika ba ta. Saura ɗaya kafin babba. Ke da kike ja kullum ba ki iya ƙirga ba?"

Na mayar da yatsa na bi. Tara ne kuwa.

Filomina ta ce, "Oho. Ashe ba ki manta ba."

"Wa zai manta abin da aka koya masa da ranƙwashi? Duk dare sai mun durƙusa, ke kina gyangyaɗi, ni ake duka."

Dariya ta kuɓuce wa Filomina a tsakiyar kuka, har ta shaƙe. Daga nan aikin ya tafi. Na haɗa bakin biyu a gindin hoton, na saukar da wutsiya, na bar numfashi, na ƙulle, na taɓa garwashi. Hamsin da tara. Na ɗora shi a kan shuɗin ƙyalle, ban miƙa wa kowa ba.

Komfot ce ta fara magana, idonta a ƙasa. Ta ce, "Ba zan sa mata da hannuna ba. Har gobe ban yarda da shi ba. Amma nata ne, ba zan cire ba. Zan shiga cocinku, a baya zan zauna, kuma ba zan durƙusa wa siminti ba."

Filomina ta ce, "Wa ya roƙe ki? Zauna a baya, dama kin cika wuri. Fastonku ya yi addu'a a bakin kabari in Fada ya gama. Amma ban da lasifika. Kuma gajeriya."

"Fastonmu bai san gajeriya ba."

"To ki tsaya kusa da shi ki ja masa riga."

Filomina ta naɗe carbin ta sa a jaka. Ni kuma na fara tattara kaya, na karkaɗe faifai, tsohon zaren ya faɗi a gefen tabarma. Abin zubarwa ne, baƙi, ya sha man kaɗe da zufa ta shekara tara. Ina kallo ta wutsiyar ido Komfot ta sunkuya kamar tana gyara takalmi, ta tsince shi, ta naɗe a yatsa, ta buɗe Littafinta ta sa a tsakiya ta rufe.

Filomina ma ta gani. Na ga fuskarta ta washe, na ga maganar ta taso mata tun daga ciki, ta cika baki. Na san abin da za ta ce, ku ma kun sani: mai zagin kayan gumaka ga ta tana adana zaren carbi a Littafi. Da ta faɗe shi, da an koma makoki biyu. Na ɗaga diddigena na sauke a kan yatsun ƙafarta da duk nauyin da Allah ya ba ni. Ta ce, "Wash!" Komfot ta juyo ta ce lafiya? Na ce cinnaka ne, sun dame mu a gidan nan.

Ranar Asabar aka binne Mma Rosa da carbinta a hannu. Ban shiga coci ba, na tsaya da sauran matan kasuwa a gindin mangwaro har aka fito, muka bi su daga baya. Fada ya yi nasa, Fasto ya yi nasa, an ce ma har an ja masa riga sau biyu. Da aka zo zuba ƙasa, 'ya'yan nan biyu suka matsa tare, babbar ta zuba, ta miƙa wa ƙaramar shebur.

Da na je gaisuwa gida, Filomina ta rako ni har bakin hanya tana ɗingishi da gangan. Ta duba hagu da dama, ta rage murya.

Ta ce, "Mma Adiza, sau ɗaya tak. Ki bar ni in gaya mata sau ɗaya, in huta."

Na ce, "Ɗaya ƙafar taki lafiyarta ƙalau. Gwada."

Shekara shida ke nan. Ba ta gwada ba.